Maɓallan Rediyon Ungozoma

Ranar Talata da hantsi Ungozoma ta kawo motarta shagonmu. Haka kowa yake kiranta a layin, don a asibitin haihuwa take aiki, kuma rabin 'ya'yan masu garejin nan a hannunta suka faɗo. Ta fito ta buga ƙofar motar, ta leƙo cikin shago.

"Ina Babanki?"

"Ya tafi sayo kaya, Anti. Me ya sami motar?"

"Mota lafiyarta ƙalau. Rediyon nan da kuka sa mini ne ya mayar da ni abokiyar wasansa. Kin san da sassafe nake fita, gari bai gama wayewa ba. In na kunna fitila, ko'ina a gaban motar sai ya kama, ban da maɓallan rediyo. Sai lalube. To wannan ma da sauƙi. Da na sa sigina zan karya hagu, sai su hau ƙifta mini ido kamar sun ga sa'arsu."

"Hagu kawai?"

"Hagu kawai. In dama zan bi, ko kallona ba sa yi."

Na yi dariya na karɓi makulli. Sati biyu ke nan da aka sa rediyon, ranar da na je duba wata motar ɗaukar kaya da ta mutu a hanya, don haka ban ga aikin ba.

Shagon na Baba ne. Shekara talatin da huɗu yana gyaran wutar mota a ɗan ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe, tsakanin garejin Dogo bakanike da rumfar Mai Fenti. Ba shi da allo a bakin shago, bai taɓa buƙatarsa ba. In motarka ta ƙi tashi ko fitilarka ta mutu, duk wanda ka tambaya zai ce maka ka je wurin Dattijo, in ya taɓa waya sau ɗaya ba ka komawa. Wannan maganar ita ce duk abin da ya mallaka. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makaranta.

Ni kuwa shekarata uku a shagon. Da na gama kwalejin fasaha na ce a nan zan yi aiki, Mama ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, ita ofis mai fanka ta so mini. 'Yan layi kuma suka sami abin nishaɗi. Dogo ne ya raɗa mini Injiniya, yana faɗa yana jan ƙarshen sunan. An ɓoye mini filaya. An taɓa zuba mini baƙin mai a takalmi, na sa abina na yini da shi, na ƙi nuna na gani. Akwai masu motar da in sun tarar ni ce a shago sai su ce za su jira Dattijo, su zauna a benci awa biyu suna kallona ina gyara ta wani. Ban yi kuka a gaban kowa ba, ban kuma yi wa kowa murmushin neman shiri ba. Sai bara wata mota ta gagari layin gaba ɗaya har kwana tara, ni kuma na gano ciwonta tsakanin azahar da la'asar. Tun daga ranar Dogo ya daina jan ƙarshen sunan. Har yakan leƙo ya ce, "Injiniya, ɗan zo ki ga wani abu." Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Da gumina na same shi.

Wutar maɓallan rediyo ba ta ganuwa da rana, don ƙarama ce ƙwarai. Shi ya sa Baba ya ajiye wani tsohon bargo ruwan toka don wannan aikin kawai. Ka shiga mota, ka lulluɓe kanka da gaban motar, sai ka sami duhunka da tsakar rana. Warin man inji yake yi, kuma minti biyar a ƙarƙashinsa sun isa su jiƙa maka riga. A makaranta ba wanda ya koya mana bargo, amma har yau ban ga abin da ya fi shi ba.

Na lulluɓa, na kunna ƙananan fitilu. Agogon gudu ya kama, maɓallan fanka suka kama. Rediyo kuwa baƙi ƙirin, sai lambobin tasha kawai. Na murza ɗan abin rage haske sama da ƙasa, don sau da yawa shi yake kawo mutane gareji a banza. Ba canji. Na sa sigina hagu. Maɓallai shida suka kama kore shar, suka mutu, suka kama, suka mutu, daidai da ƙarar sigina. Wato ƙwayayen fitilar lafiya suke, fis ma lafiya yake. Wuta ce take zuwar musu daga inda bai kamata ba.

Na yaye bargo na zaro rediyon. A bayansa akwai waya ruwan goro, ita ce take kai wa maɓallai wuta in an kunna fitila. Na bi ta da yatsa har bayan jan maɓallin nan mai kusurwa uku, na fitilun haɗari. Dabarar daidai ce, don shi ma wannan maɓallin yana da tasa 'yar fitilar, kuma wayarta ce mafi kusa da za a ɗebi wuta. Sai dai wayoyi biyu ne a jere a wurin, dukansu kore. Ɗaya da farin layi a jikinta, ita ce ta fitila. Ɗaya da rawayan layi, ita ce ta siginar hagu. Layin bai fi kaurin zaren ɗinki ba. An haɗa da mai rawaya.

Sai idona ya sauka a kan tef ɗin.

In Baba ya haɗa waya, yakan naɗe ta da baƙin tef, sannan ya ninke bakin tef ɗin ya bar masa ɗan kunne, wai don wanda zai zo bayansa ya sami abin kamawa. Duk layin shi kaɗai yake haka, kuma kowa ya sani. Ni ban taɓa yi ba. Roba nake zurawa in gasa ta ta kama wayar, kamar yadda aka koya mana, kuma na sha gaya masa nasa tsohon yayi ne. Ga ɗan kunnen nan a tsaye, an naɗe shi tsaf, a kan wayar da ba ita ba.

Na daɗe a zaune da rediyon a cinyata. Abubuwan da na gani na wuce a watannin nan suka riƙa dawo mini. Tocilar da yake kunnawa da rana tsaka. Yadda ya daina ɗaukar fis da kansa, sai ya ce, "Uwata, miƙo mini mai ashirin." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa ne da ni. Na tuna ran da ya zuba shayi rabinsa a kan tebur, ya ce kofin ne ya goce. Ni duk na ɗauka ya fara yarda da ni ne, shi ya sa yake sa ni aiki.

"To, Injiniya, an gano ɓarawon?"

Dogo ne ya dafa ƙofar motar, yana goge hannu da tsumma. Ungozoma tana bayansa. Kafin ya sunkuyo na kama ɗan kunnen na fizge tef ɗin, na dunƙule shi a tafin hannuna. Ya zo da sauƙi, kamar yadda mai shi ya nufa.

Dogo ya leƙa. Bai iya wuta ba, amma ba wawa ba ne. Ya bi wayar da ido ya fashe da dariya.

"Kai! A sigina aka ɗaura rediyo? Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Daidai lokacin Baba ya iso, da ledar kaya a hannu. Ya tsaya a gaban motar. Ya ji tambayar, na san ya ji.

In aka ce Dattijo ya kasa bambanta waya da waya, kafin la'asar maganar ta kai ƙarshen layi, kafin sati ta kai tashar mota. Ba wanda zai ce kuskure ne. Cewa za a yi idonsa ya tafi, kuma ba mai ba makaho wayar motarsa.

Na ce, "Ni ce."

Dogo ya riƙe ciki. Ya ƙwala wa Mai Fenti kira. "Zo ka ga aikin kwaleji! Shekara nawa aka yi ana karatun ma? Uku? Da huɗu aka yi, da in an taka birki sai rediyo ya canja tasha!"

Dariyarsu ba ta dame ni ba, na saba. Ungozoma ce ta soke ni. Ta dube ni a hankali ta ce, "Ke? Ni da nake ba da labarinki a wurin aiki, ina cewa mu ma muna da tamu a gareji."

"Ki yi haƙuri, Anti. Minti biyar."

Na ɗago na kalli Baba. Yana kallon ledar hannunsa kamar bai san abin da ke ciki ba. Bakinsa ya motsa, amma bai ce komai ba. Ya juya ya shiga shago.

Na mayar da wayar inda ya kamata, na zura roba na gasa, na shiga bargo na ga maɓallai shida sun kama sun tsaya. Tef ɗin kuma na sa shi a aljihun rigar aikina.

Kafin yamma sunana ya canja. Na koma Ƙifta-ƙifta. In na wuce rumfar Mai Fenti sai ya ɗaga hannun hagu yana buɗewa yana rufewa. Dogo ya daina kirana in ga wani abu. Masu jira suka dawo benci. Wani direba ma da na gyara masa fitila sau biyu a baya, ya ce mini, "'Yammata, ba raini ba, amma bari Dattijo ya zo." Na ce masa ga benci nan, na ci gaba da aikina. Kaina a sama nake shiga layin, a sama nake fita. Na ƙara wanke rigar aikina fiye da da, har guga nake mata, don kada wani ya ce ya ga alamar na karaya.

Wahalar gaske ba a nan take ba. Duk motar da Baba ya taɓa sai na bi bayansa ba tare da ya sani ba. In ce zan share cikin mota, ko na manta sukudireba a ciki. Sau biyu na sami abu. Ya sa farin fis inda ake son rawaya, ya kuma bar wata waya ba ta shiga gidanta sosai ba. Na gyara na yi shiru. In ya miƙa hannu zai ɗauki abu, sai in tura masa shi kusa, ina kallon wani wuri.

Kuma ina fushi da shi. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Ni na zaɓi in ce ni ce, ba wanda ya sa ni, amma shirun da ya yi ya tsaya mini a rai. Muna tafiya shago tare, muna dawowa tare, ba abin da yake haɗa mu sai "miƙo" da "ga shi".

Wata rana da yamma ina tsugune a bakin famfo ina kankare baƙin mai daga farcena, Mama ta zo ta tsaya a kaina da kwanon wanki.

"Sati biyu ke nan gidan nan kamar an yi rasuwa. Me ya haɗa ku?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ne ya sa mutumin nan yake barin rabin abincinsa?"

Na ci gaba da kankare farcena. Ta ajiye kwanon, ta rage murya.

"Wata huɗu ke nan ni nake karanta masa saƙon waya. Wai rubutun ne suka ƙanƙanta."

Na ɗago. "Kin sani, Mama? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Ke ko shi? Jirgi ɗaya ya kwaso ku, in an ce ku bi nan sai ku bi can. Na yi masa maganar asibiti, kwana uku bai kula ni ba. Tsoro yake ji, 'yar nan. Gani yake da ya shiga, likita zai ce ya ajiye filaya ya zauna a gida. In ya zauna a gida kuma, shi wane ne?"

Ta ɗauki kwanonta. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Ki sa sabulu sosai. Hannun nan naki sai ka ce na Babanki."

Sati uku da zuwanta na farko, Ungozoma ta dawo. Rana ta take, layin ya yi tsit saboda zafi. Ta gaida ni sama-sama, ta wuce wurin Baba.

"Dattijo, rediyon nan dai. Yanzu kuma wasu maɓallan suna kamawa, wasu ba sa kamawa. Don Allah wannan karon kai nake so ka taɓa shi da hannunka."

Ina riƙe da batir a lokacin. Na ajiye shi a hankali, don kada ya yi ƙara a ce da gayya na yi.

Baba ya ɗauki bargo ya shiga motar. Ungozoma ta tafi inuwar rumfar Mai Fenti ta zauna. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Ba wanda yake yin minti goma a bargon nan. Sai na ji muryarsa daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Uwata. Zo."

Na zagaya na shiga ɗaya kujerar, na ɗaga gefen bargon na cusa kaina. Zafi ya buge ni. Kafaɗarsa tana jikin tawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rabona da in zauna kusa da shi haka tun ina ƙarama, lokacin da yake ɗora ni a cinya ina murɗa sitiyarin motocin mutane.

Ya ce, "Nawa ne suka kama?"

"Huɗu. Na biyu da na biyar sun mutu."

Ina jin numfashinsa.

"Ni ko ɗaya ban gani ba. Wani ɗan kore-kore nake gani, kamar an shafa da yatsa. Tun ɗazu nake ƙirgawa, kullum lissafin daban."

Na gyara gefen bargon da ya zame.

"Ranar nan," ya ce, "na ji abin da kika faɗa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. Na shiga shago na ce bari in fito in gyara maganar. Na ce gobe. Sati uku ke nan ina cewa gobe. Ina jin abin da suke kiranki. Kuma na san kina bin bayana. Wa yake share cikin mota sau uku a yini?"

Dariya ta kufce mini, sai ta zo da hawaye. Gara da a duhu ne.

"Ina tef ɗin?"

"Yana aljihuna."

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba."

"Uwata."

"Baba, sunana sabo ne. In ya faɗi zan sake ɗaga shi, na taɓa yi, na san hanya. Naka shekara talatin da huɗu aka yi ana gina shi. Ka bar su su kira ni abin da suka ga dama, ba a jikina yake fitowa ba. Abu ɗaya nake so. Ranar Alhamis mu je a duba idon nan."

"In suka ce ya tafi fa?"

"Sai in riƙa gaya maka launi, kai kuma ka gaya mini sauran. Dama rabin abin da kake yi da yatsa kake yi."

Ya laluba ya dafa bayan hannuna, ya ɗan matsa. Tafinsa kamar takardar goge ƙarfe.

"Zaro rediyon. Za mu mutu a bargon nan."

A kan teburin shago na kwance fuskar rediyon. Ƙwayayen fitilar ƙanana ne, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, an liƙa su da dalma a jikin allon. Na gwada da mita, biyu sun ƙone, ba laifin kowa. Na ciro wasu daga wani mataccen rediyo da muke ajiye da shi, na narka dalma na dasa su. Baba yana zaune a gefena, yana riƙe mini allon da hannu biyu. Hannunsa ko motsi ba ya yi. Na ɗauki fuskar zan rufe, sai ya ce, "Kin mayar musu da hulunansu?"

"Wace hula?"

"Shafa tsofaffin."

Na ɗauki ƙonannen ƙwai na shafa. Ashe wata 'yar koriyar roba ce a kansa, siririya, ta manne har ba a gane ta. Ita take ba wutar launi. Da na rufe haka, da maɓallai huɗu sun fito kore, biyu fari, da Ungozoma ta dawo karo na uku, da kuma sunana ya sake canjawa.

"Ba a koya muku hula ba a kwalejin?"

"Ranar ban je ba."

Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta an daɗe. Na zare hulunan da bakin allura na sa wa sababbin. Na mayar da rediyon, na shiga bargo. Shida, kore, launi ɗaya.

Na fito zan kai makulli, Baba ya karɓe shi daga hannuna. Kafin in ankara har ya kama hanyar rumfar Mai Fenti, inda Ungozoma take zaune, Dogo ma ya zo shan inuwa. Na bi shi da sauri ina cewa "Baba" a hankali. Ko waiwayowa bai yi ba.

Ya miƙa mata makulli ya ce, "An gama. Ita ta gyara, ni riƙe mata na yi. Wancan na farkon kuma, na sigina, aikina ne. Ranar ba ta ma shagon. Idona ne ya daina raba fari da rawaya, ta gani ta rufa mini asiri, ni kuma na bar ta da kayan."

Mai Fenti ya sunkuyar da kai yana kankare fenti a farcensa. Ni kuwa ji na yi kamar in kama Baba in mayar da shi cikin bargo. Sati uku na wahala, ya zubar da su a magana uku.

Ungozoma ta miƙe. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske kamar yaron da aka kawo mata, ta leƙa idon.

"Kamar yanar ido ce. Ni ba likitan ido ba ce, amma na ga irinta da yawa, kuma ana cirewa. Shi ne ka zauna da ita kana wahalar da yarinya? Ranar Alhamis ake ganin masu ciwon ido, ku same ni a bakin ƙofar asibiti, zan raka ku." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, 'yar taurin kai, zo nan." Ta rungume ni da rigar aikin da komai, ta ce mini a kunne, "Na ci haƙƙinki."

Dogo ya yi gyaran murya sau biyu. Ya sa hannu a aljihun wandonsa na ciki, ya zaro wani abu naɗe a tsumma. Tabarau ne, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya.

"Shekara biyu," ya ce. "Sai na shiga ƙarƙashin mota nake sawa."

Mai Fenti ya fara dariya har da tari. "Shi ya sa ba ka fitowa! Mu muna cewa ƙwazo ne!"

"Kai rufe mana baki. Kai da ka fesa wa mutum ƙofa ɗaya daban da sauran, ka ce rana ce."

An yi wa Baba aiki a idon dama, bayan wata biyu aka yi na hagu. Maganar ta zagaya kamar yadda na zata. Mutum uku ko huɗu sun ɗauke motocinsu sun kai wani wuri, ɗaya har yau bai dawo ba. Sauran sun zauna. Kwanakin da yake gida da bandeji ni kaɗai na riƙe shagon, kuma benci bai cika da masu jira ba, don ba wanda za a jira. Ƙifta-ƙifta kuwa ya bi ni, ya ƙi fita. Yanzu in an kira ina amsawa, Dogo ma da shi yake kirana in zo in ga wani abu.

Ranar da Baba ya dawo aiki, Ungozoma ta kawo motar a sake mata batir. Ya ɗauki bargo ba tare da kowa ya sa shi ba, ya shiga. Na tsaya a bakin ƙofar motar ina jira.

"Ɗaya, biyu, uku," na ji yana ƙirgawa daga ciki, "huɗu, biyar, shida." Sai ya ƙara da cewa, "Na biyun nan ya fi sauran haske kaɗan. Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce."

"Hular ba ta zauna daidai ba."

"Kai ka riƙe allon, Baba."

Ya yaye bargon, gumi yana zuba, yana ƙifta sababbin idanunsa a hasken rana. Ya sunkuya ya leƙa wayar da na haɗa a kan batir ɗazu. Baƙin tef ne, na ninke bakinsa na bar masa ɗan kunne. Ya kama kunnen da yatsa biyu ya ɗan ja, ya ga ya riƙe, ya sake shi.

"Ya yi tsawo," ya ce. "Rabin haka ya isa. Miƙo mini filaya."